Olwen Prothero da Giyar da Mijinta Bai Sha Ba

A Blaenmelyn, garinmu na masu haƙar kwal da ke cikin kwari, mace ba ta share ƙofar gidanta sau biyu a yini sai an tambayi me take son gani. Gidajenmu a manne suke da juna a gangaren dutse, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, in ka yi tari sai ka ji an ce maka sannu daga wancan ɓangaren. Maza suna ramin kwal tun asuba, mata suna bayan labule, kuma babu labulen da ba shi da 'yar kafar leƙe. A garin nan Olwen Prothero ta yi rayuwarta daga haihuwa har kabari, kuma har yau in an ambaci sunanta sai tsofaffi su taɓe baki. To, su taɓe! Da sun san abin da suke taɓe wa bakin, da kunya ta hana su fita waje.

'Yar dattijon coci ce, siririya, mai ƙaramar murya, irin matan nan da ke wanke dakalin ƙofa ko ana ruwan sama. Ba wanda ya zaci za ta auri ɗan dambe, amma ta aura. Emlyn Prothero, wanda ake kira Guduma, yakan haƙi kwal duk mako, ran Asabar ya ɗaura safar dambe ya shiga rumfar masu yawon wasa, ko kuma a hau da shi kan dutse inda 'yan sanda ba sa zuwa, a yi ta da tsurar hannu. Ba gwanin kauce wa naushi ba ne. Abin da ake yaba masa shi ne ba ya faɗuwa: a yi ta jibgarsa har mai jibgar ya gaji, sannan ya saki naushin hannun damarsa guda ɗaya, a kwashi mutum. Abokinsa na ƙuruciya, Trefor Hopkin, shi ke tsaya masa a kusurwa da tawul da soso. Kuma duk kwarin ya san Guduma ba ya shan giya, domin ya yi wa uwarsa alkawari tana kan gadon mutuwa, ya kuma maimaita shi a gaban fasto.

Abin ya fara ne da maɓallin riga. Wata safiya, bayan ya bar dambe da kamar shekara, Olwen ta tarar da shi tsaye yana kokawa da maɓalli ɗaya, gumi na tsatstsafo masa. Daga nan harshensa ya yi nauyi. Daga nan ƙafafu, sai ya riƙa jan ta hagu, yana tangaɗi in zai juya. Ya kira 'yarsu Nesta da sunan uwarsa da ta rasu. Wata rana ya fasa faranti saboda cokali ya ƙi tsaya masa a hannu, sannan ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Olwen ta san sunan abin. Duk wanda ya tashi cikin 'yan dambe ya ga tsofaffin zakaru da duka ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Ta kuma san yadda kwarinmu yake. A nan, mashayi ɗan gari ne: a yi masa dariya, a yi masa wa'azi, ran Litinin ya koma aikinsa. Amma wanda aka ce kansa ya taɓu, manaja zai sallame shi a ranar, likita ya zo da mota a tafi da shi Babban Gida, gidan mahaukatan da ke bayan dutse, inda ba a dawowa. Kuma abin ba ya tsayawa a kansa. Cewa za a yi a jini yake. Akwai gida guda a layinsu da aka ɗauke kawunsu haka, 'yan matansu uku suka tsufa a ɗakin uwarsu, ba wanda ya ko ƙwanƙwasa ƙofa. Emlyn kuwa an ba shi aikin goge fitilun mahaƙa a bakin rami, da shi suke cin burodi, ga Nesta tana tasowa.

Ƙaryar ma ba Olwen ce ta ƙirƙiro ta ba, miƙo mata aka yi. Wata la'asar Emlyn yana hawowa layi yana dafa bango, matar Gittins da ke maƙwabtaka da su ta jingina da tsintsiyarta tana kallo.

"Ikon Allah," in ji ta. "Matar Prothero, ba dai Guduma ya fara leƙa gidan abokin nasa ba?"

A lokacin Trefor ya riga ya bar rami ya kama mashayar da ke gindin layi. Olwen ta buɗe baki za ta ce Allah ya kiyaye. Sai ta ga yadda idon matar ke bin ƙafar Emlyn ta hagu, yana aunawa. Ta haɗiye maganar.

"Ke dai bari, matar Gittins," ta ce. "Ana ganin rayuwa."

Kafin a kunna fitila labari ya kai ƙarshen kwari. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Washegari ta zagaya ta ƙofar bayan mashaya, ita da ko ta gaban ba ta taɓa bi ba sai ta kau da kai. Trefor ya fito yana goge hannu, ya saurare ta har ta gama.

"Olwen, kin san abin da kike roƙo kuwa? Mutumin da bai taɓa ɗanɗanawa ba, ni zan fara ɗura masa?"

"Ba giya na ce ka ba shi ba. Kofin giya na ce ka ba shi."

Trefor ya jingina da ƙofar. Sannan ya ce, "A dambensa na ƙarshe tawul yana hannuna. Tun da wuri na ga idonsa ya juya. Da na jefa tawul ɗin an tsayar, amma mutane suna ihu, ni ma ina ihu." Ya share hanci. "Turo shi ran Asabar."

"Kuma ba mai jin dalili. Ko matarka."

"Ko matata," in ji shi.

Nan ne kuskuren, amma a ranar ba wanda ya gan shi. Matar Trefor, Dilys, baƙuwa ce daga wani kwari, mace mai jiki da kaifin ido, ba ta san zamanin damben ba. Ita aka sa ta riƙa dafa baƙin shayi mai kauri duk Asabar, ta bar shi ya huce, Trefor ya zuba a tulu ya ɓoye a ƙarƙashin kantar mashaya. Da ta tambayi na mene ne, sai ya ce, "Dafa kawai, 'yar nan, wani taimako nake yi." Ta dafa. Amma macen da aka hana ta amsa, da kanta za ta samo wata.

Shekara shida ana haka. Emlyn ya zauna kusa da murhu da kofinsa, Trefor ya girgiza shayin har ya yi kumfa. Shi Emlyn daɗin abin yake ji, ga ɗumi, ga maza ana hira, ba mai damuwa in maganarsa ta karkace.

"Guduma, kofi biyu kacal ka yi tilis? Ashe damarka ce kawai mai ƙarfi!"

"Kai Trefor, me ya sa tasa daga ƙarƙashin kanta take fitowa? Mu ba mutane ba ne?"

"Giyar zakaru ce," Trefor yakan ce. "In ka sha kai da ƙashin tsuntsun nan naka, sai dai a kira matarka da baro."

A gida kuwa, kafin ya fita, Olwen takan yayyafa masa 'yar giya a wuyan kwat don wari. In ya dawo sai ta tare shi a bakin ƙofa, ta ɗaga muryar da ba wanda ya san tana da ita.

"Ka dawo ke nan, sarkin mashaya? Dubi ƙafafunka! Haka uwarka ta bar ka? Wuce ciki kafin ka zubar mini da sauran mutuncin!"

Labule ya motsa a nan, ya motsa a can. Ta rufe ƙofa, ta durƙusa ta cire masa takalmi, ta ba shi miya da cokali a baki. Wani lokaci yakan dube ta ido cike da hawaye ya ce, "Olwen, ban sha ba." Ta ce, "Na sani. Yi shiru, buɗe bakinka." Dattawan coci suka cire sunansa daga cikin masu alkawarin ƙin shan giya. Mahaifinta ya daina cin abinci a gidanta. Duk ta shanye, domin Emlyn yana kwana a gadonsa, kuma samari sun fara gaishe da Nesta a hanya.

Duk Jumma'a kuma takan zagaya ta ƙofar baya ta gaya wa Trefor yadda makon ya kasance: ya yi fushi sau da yawa, kada a zaunar da shi kusa da wane, kada a taɓa shi ta baya. Magana ce ta tsaye, ƙasa-ƙasa. Sai dai a garin da ake ƙirga shara, 'yar dattijon coci a ƙofar bayan mashaya ba ƙaramin nama ba ne. An gani, an adana. Dilys ma tana gani ta tagar kicin ɗinta.

Ranar da abin ya faru, wata Asabar ce ta shekarar 1934, rana ba ta ko faɗi ba. Mashaya cike. Yawu ya zubo wa Emlyn a haɓa, Trefor ya zo da tawul ya sunkuya yana goge masa, ya ce masa wani abu a kunne wanda ba wanda ya ji. Emlyn ya miƙe ya saki damar nan. Trefor ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki ƙarfen murhu. Emlyn ya bi shi ƙasa ya ƙara masa, ya kuma ƙarawa, sai da maza suka taru suka ɓamɓare shi. Da suka sake shi, ya koma kujerarsa ya ɗauki kofinsa ya shanye.

Olwen tana kwaɓa burodi matar Gittins ta faɗo mata ba sallama. Ta ruga da garin fulawa a hannu. Da ta shiga, ba gawar ta fara nema ba, ba kuma mijinta da ɗan sanda ke riƙe da shi ba. Kofin ta nema, domin ɗigon shayin da ya rage a ciki shi ne shaidarta. Ta hango shi a kan kantar mashayar, a kife, an wanke shi tas, ruwa na ɗiga. Dilys tana tsaye a bayansa da jiƙaƙƙen hannu, ba ta kuka. Suka dubi juna.

Lauyan da aka ba su, wani Mista Meyrick daga Cardiff, bai ɓoye mata komai ba. Buguwa ba uzuri ba ce a wurin shari'a. Wanda ya sha da hannunsa ya kashe, rataye shi ake yi. Amma in aka tabbatar ciwo ne a ƙwaƙwalwa, har mutum bai san abin da hannunsa ke yi ba, to ba a rataye shi, tsare shi ake yi.

"Ai bai taɓa sha ba, ranka ya daɗe," in ji Olwen. "Shayi ne."

Lauya ya cire tabarau ya dube ta. "Wa ya sani ban da ke?"

"Trefor."

"Marigayin."

"Da matarsa. Ita ke dafawa."

"Matar wanda aka kashe," in ji shi, ya mai da tabarau. Ta ga sarai shi ma bai gama yarda da ita ba.

A babbar kotu, likita ɗaya ya ce tangaɗin Emlyn da nauyin harshensa irin na wanda duka ya lalata wa kai ne. Likitan gidan yari ya ce tsohon mashayi ma haka yake, ko an raba shi da kwalba. Maza suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, mutanen kirki, masu tsoron Allah, kowa ya rantse ya ga Guduma yana sha duk Asabar, ya kuma ji warin a jikinsa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin takaicin ke nan.

Sai aka kira Olwen. Lauyan gwamnati dogo ne mai taushin murya, bai ko ɗaga ta ba.

"Matar Prothero, shekara shida kina gaya wa maƙwabta mijinki mashayi ne. Ƙarya kike yi?"

"Ƙarya nake yi."

"Mahaifinki fa?"

"Shi ma."

"Fasto?"

"Shi ma."

"Lalle kin iya. To, mu da ba mu haɗa komai da ke ba, don me za ki zaɓe mu ki gaya mana gaskiya?" Aka ɗan yi dariya a bencin baya. Ya jira ta lafa. "Me kike zuwa yi ƙofar bayan marigayi duk Jumma'a? Mijinki ya san kina zuwa?"

Ta yi bayani. Tana yi tana jin yadda bayanin ke fita kamar na wanda aka kama da kaza a riga. Mutum goma sha biyun da kotu ta zaɓo su tantance ko ya yi laifi suka daina kallonta, suka koma kallon hannayensu.

Dilys ta shigo cikin baƙaƙen kaya. Mista Meyrick ya tambaye ta me mijinta ke zuba wa Emlyn.

"Gidan giya muke da shi, ranka ya daɗe," ta ce. "Ba wurin shan shayi ba."

Mutum goma sha biyun ba su daɗe a ɗakin shawara ba. Aka ɗora wa alƙali baƙin ƙyalle a ka, alamar hukuncin kisa, ya karanta hukuncin rataya. Al'ada ce a bar mutum ya ga Lahadi uku kafin a zartar. Lauya ya ce saura hanya ɗaya: ministan cikin gida yana iya turo nasa likitocin, ya mai da hukuncin tsarewa, amma sai an kawo masa sabon abu. Sabon abu kuwa guda ɗaya ne a duniya, yana bakin Dilys Hopkin.

Olwen ta je ganin mijinta a gidan yari. Ya rame, an aske masa kai, yana ta shafa gwiwa.

"Trefor bai zo ba," ya ce.

"Ba zai zo ba, Emlyn."

Ya ci gaba da shafa gwiwa. Sai ya ɗago, idonsa ya washe tar, irin yadda ta san shi kafin ciwon, ya ce da murya sarai ba nauyi, "Ran Jumma'a kikan yafa shuɗin mayafinki."

Kafin ta sami abin cewa idon ya sake dushewa, ya koma tambayar ko an ba tantabarunsa ruwa, shi da ya sayar da su tun Nesta tana goye. Olwen ta fito tana ta juya maganar. Ashe yana gani? Ashe gulmar ta shiga kunnensa a bakin murhun nan, ta zauna a wani lungu na kansa da duka bai kai ba? Ko kuwa magana ce kawai ta faɗo, kamar ta tantabaru? Ba ta gaya wa lauya ba. Ba ta gaya wa kowa ba har ta mutu, kuma ba ta taɓa sanin amsar ba.

Bayan Lahadi ta biyu ta je wurin Dilys, da hantsi, ta ƙofar gaba. Mashaya a rufe, kujeru a kife kan tebura. Dilys tana zaune a kicin, ba ta ce mata zauna ba.

"Matar Hopkin, na zo roƙo ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

"Kada ki kawo mini wannan. Mijinki yana numfashi."

"Kin san shayi ne."

"Na sani. Hannuna ya dafa." Dilys ta gyara zama. "Abin da ban sani ba shi ke hana ni barci. In na rufe ido ba fuskarsa nake gani ba, ƙofar bayan nan nake gani, da ke a tsaye, da shi ya sunkuyo yana miki raɗa. Shekara shida namiji yana ɓoye wa matarsa dalili saboda matar wani. Gaya mini don me."

Olwen ta gaya mata gaskiya, duka: Babban Gida, Nesta, tawul ɗin da Trefor bai jefa ba.

"Tawul!" Dilys ta yi wata dariya mara daɗi. "Ni za ki kawo wa tawul? Kin yi wa ubanki ƙarya, kin yi wa fasto, ni ce za ki ji wa kunya? Saurara ki ji, Olwen Prothero. In Trefor mutumin kirki ne, ya yi wa abokinsa alheri aka saka masa da fasa kai, to a rataye wanda ya kashe shi, in an rasa mai jan igiya a kira ni. In kuwa cin amanata yake yi, babu abin da ya rage tsakanina da shi, kuma ba zan ɗauki ran wani a wuyana saboda maci amana ba. Zaɓi ɗaya. In tawul ne, ga ƙofa can."

Olwen ta juya. Ta kai har bakin ƙofa, ta kama mariƙin. Trefor ne kaɗai mutumin da ya taɓa ɗaukar mata kaya a garin nan bai nemi ko na gode ba. Yana kwance ƙasarsa ba ta ko bushe ba, ba shi da bakin kare kansa. A can kuma an riga an auna wuyan Emlyn.

"Gaskiya ne," ta ce, ba ta waiwayo ba.

"Mene ne gaskiya?"

"Abin da kike zato."

"Juyo ki faɗa da bakinki."

Ta juyo ta faɗa. Dilys ba ta ƙyale ta a nan ba. Tun yaushe? A ina? Wa ya fara? Ranar da na tafi jana'izar innata fa? Olwen ta yi ta ƙirƙira, tana ɗora wa mamaci kalmomin da bai taɓa furtawa ba, a ɗakin gangunan giya da ita ko leƙa shi ba ta taɓa yi ba. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda fuskar Dilys ke sakewa da kowace amsa, kamar mai ƙurji da aka matse wa ruwa. Da ta gama, Dilys ta tashi ta wanke ta da mari, har kunnenta ya yi ƙara. Sannan ta ɗauko hularta daga ƙusa.

"Ina ofishin lauyan naki yake?"

Dilys ta rantse a kan shayin, ta kai tulun, ta faɗi yadda ta wanke kofin. Sauran maganar ta riƙe a cikinta, domin ta san in ta fita za a ce kishi ne ya sa Emlyn kisan. Likitoci suka zo daga London suka yini da Emlyn. Ana saura kwana kaɗan aka sauya hukuncin, aka tafi da shi wani gidan masu taɓin hankali na gwamnati can cikin Ingila, wanda ya fi Babban Gida nisa da tsayin katanga.

Ranar da labarin sassaucin ya iso, a ranar Dilys ta buɗe baki, a shagon mai nama, gaban mata. Ba wanda ya yi mamaki. Ai dama mun faɗa, in ji kowa, ai dama mun gani. Mahaifin Olwen ya sauya benci a coci. Nesta, wadda aka yi duk wannan dominta, ta zama 'yar mahaukaci kuma 'yar mazinaciya a mako guda. Ta tafi aikatau London, ta yi aure a can, uwarta ba ta ga mijin ba sai a hoto.

Olwen ta ci gaba da wanke dakalinta. Ta yi wankau, ta yi ɗinki, takan tara na jirgin ƙasa ta je ganin Emlyn in bazara ta yi. Tun yana gane ta har ya koma ce mata baiwar Allah. Ya yi shekara goma sha wani abu a can, ya mutu a gado, da wuyansa lafiya.

Bayan an binne shi ta sake zuwa wurin Dilys. Dukansu sun yi furfura.

"Matar Hopkin, yanzu ba abin da za a yi wa Emlyn. Abin da na gaya miki a kicin ɗin nan ƙarya ne. Trefor bai taɓa ko riƙe hannuna ba."

Dilys ta dube ta sama da ƙasa. Ta kama mariƙin ƙofa.

"Ke kam kowace shekara da sabuwar gaskiyarki," ta ce. "Bar ni da wadda na saba da ita." Ta rufe ƙofa.

A kwarinmu, Lahadin da ke zuwa kafin bikin Ista ta matattu ce. Tun ana jibi mata ke hawa maƙabarta da bokiti da buroshi, a wanke duwatsu, a cire ciyawa, ranar kuma a lulluɓe kowane kabari da furanni, gari duka ya fito yana zagayawa yana duba na wa ya fi kyau, na wa aka manta. Dilys ba ta taɓa sa wa Trefor dutse ba, ba ta kuma taɓa hawa ba. Ba su da ɗa, danginsa sun ƙare. Kabarinsa yana bakin hanyar da ke zuwa na iyayen Olwen, tudun ƙasa ne kawai da ƙaya ta rufe.

Duk shekara Olwen takan yanko furanni fiye da abin da kaburburan iyayenta za su ci. Duk shekara in ta iso daidai tudun nan sai hira ta tsaya, kawuna su juyo, a zuba mata ido a ga ko yau za ta sunkuya. Ta san fure ɗaya daga hannunta zai zama shaidar da za ta bi Trefor har abada. Sai ta wuce shi kai tsaye kamar ba ta san wanda ke ciki ba, ta gyara na iyayenta, ta sauko da ragowar furannin a hannu, ta kai su gida ta sa a ruwa.